Yadda Mai Koyon Aikin Jinya Zai Amfana da Zamansa a Gefen Gadon Mara Lafiya

Ɗalibin da ya shafe watanni a aji yana haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, yana gwada awon jini a damtsen abokinsa, yana juya mutum-mutumin roba a ɗakin gwaji, yakan ɗauka ya gama shiri, har zuwa ranar da za a tura shi ɗakin kwantar da marasa lafiya. A nan ne zai tarar da abin da allo bai nuna masa ba: warin gyambo haɗe da na maganin goge ƙasa, nishin wani dattijo a gadon lungu, uwa ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon ɗanta, ga kuma nas biyu kacal suna fama da ɗaki cike da mutane. Na rubuta wannan bayani ne domin masu koyon aikin taimaka wa ma'aikatan jinya, da ɗaliban shekarar farko na kwalejojin jinya da ungozoma, da na makarantun fasahar kiwon lafiya, tunda ayyukan da ake fara danƙa musu kusan iri ɗaya ne, wato gyaran gado, da awo, da wanka, da ciyarwa, da juya mara lafiya, da kai rahoto. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin zance, amma maganar ta shafi ɗalibai mata daidai da maza.

Ɗalibai da yawa suna kallon waɗannan ayyuka a matsayin wahalar da za a jure kafin a kai ga yin allura da sa ƙarin ruwa, waɗanda su ne suke gani aikin asibiti na gaske. Wannan fahimta ce nake so a gyara tun daga farko. Likita yakan tsaya a kan mara lafiya 'yan mintoci lokacin zagaye, nas kuma tana da magungunan ɗaki guda da za ta raba, amma kai ne za ka ga fatar bayansa, da launin fitsarinsa, da yawan kunun da ya sha da wanda ya bari a kofi. Wanda ya iya dubawa, kuma ya saba faɗin gaskiyar abin da ya gani a kan lokaci, ya samu abin da ya fi allura wuyar koyo.

Shirin da ake yi kafin ranar farko

Ka fara da rigakafin ciwon hanta nau'in B. Allura uku ake yi: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6 daga ta farko, saboda haka wanda ya bari sai an liƙa sunayen masu tafiya asibiti ya makara. Ƙwayar wannan cuta ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum ta tsinin allura nesa ba kusa ba, kuma masu ɗauke da ita suna da yawa a ƙasashenmu, akasarinsu ba su ma san suna da ita ba.

Kayan aikinka ba su da yawa: agogo mai hannun daƙiƙa irin wanda ake maƙalawa a ƙirji, biro biyu, ƙaramin littafin da zai shiga aljihu, da takalmi rufaffe wanda jini ko allurar da ta faɗo ba za su taɓa yatsu ba. A yanke farce, a cire zobe da awarwaro da agogon hannu, domin datti yana maƙalewa a ƙarƙashinsu. Ɗaliba ta ɗaure hijabinta yadda bakinsa ba zai sauko kan ciwo ko cikin kwanon wanka ba idan ta sunkuya.

Sannan ka san iyakarka. Makarantarka za ta ba ka littafin rajistar ayyukan da ake so ka gani, ka taya, ka kuma yi da hannunka a gaban mai kula da kai. Duk abin da bai shiga matakinka ba, kamar ba da magani, ko yin allura, ko ƙara gudun ƙarin ruwa, ko sa robar fitsari, kada ka taɓa shi kai kaɗai, ko da masu jinya, wato 'yan uwan da suke kwana da mara lafiya, sun matsa maka, ko da wani ma'aikaci da aiki ya yi wa yawa ya ce ka yi kawai. Amsar da ta dace ita ce: "Ba a koya mini wannan ba tukuna, amma idan za ki tsaya a kaina zan so in koya." Ban taɓa ganin nas ta gari da ta raina ɗalibi saboda wannan amsa ba.

Ka riƙa isa ɗaki minti 15 kafin lokacin miƙa aiki, domin a wannan zagayen ne masu tashi suke bayyana wa masu karɓa halin kowane gado. Ka rubuta lambar gado, da abin da ke damun mai shi, da abin da aka ce a sa wa ido. A ranar farko ka nemi a nuna maka inda tukunyar iskar oksijin take, da tiren kayan gaggawa, da kwalin zuba allurai, da inda ake samun ruwa idan famfo ya ɗauke. Ka gaida masu shara da masu tura gado kamar yadda ka gaida shugabar ɗaki, domin wasunsu sun shekara da shekaru a wurin, kuma su ne za su nuna maka inda aka ajiye zanin gado da ƙarfe biyun dare.

Hannu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta biyar na tsabtace hannu: kafin ka taɓa mara lafiya, kafin aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsabta kamar wankin ciwo, bayan ka haɗu da jini ko wani ruwan jiki, bayan ka taɓa shi, da bayan ka taɓa abin da ke kewaye da shi, irin su ƙarfen gado da akwatin gefensa. Wanki da ruwa da sabulu yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, murza hannu da ruwan sanitaiza kuma daƙiƙa 20 zuwa 30, amma idan akwai datti da ido ke gani, sai dai ruwa da sabulu. Inda babu famfo, wani ya zuba maka da buta, kada kowa ya tsoma hannu a roba ɗaya. Safar hannu ba ta ɗauke wanki, kuma safa ɗaya ba ta zuwa gado biyu.

Wanda yake ganin an cika tsanantawa ya tuna yadda aka gano zazzaɓin Lassa. A shekarar 1969 wata nas 'yar mishan ta kwanta ciwo a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka ɗauke ta zuwa Jos, ta rasu a can. Nas ɗin da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu, kuma an ruwaito cewa tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da ta goge wa marar lafiyar baki. Nas ta uku ta kamu, aka kai ta Amurka, ta rayu. Ke nan cutar da har yau take kashe ma'aikatan lafiya a Najeriya, musamman da rani, a jikin masu aikin jinya aka fara saninta, kuma ta hanyar aiki irin wanda za a fara ba ka. Don haka duk wani yanka ko ƙurji da ke hannunka ka rufe shi da filasta kafin ka shiga ɗaki. Idan ka ga mai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro ko jini a dasashi, ka sanar da nas nan take, kada ka jira zagayen likita.

Jinin da ya zuba a ƙasa, da fo, da tasar amai, ana tsabtace su da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. Idan kwalbar da kuke da ita ta nuna kashi 3.5, kamar yadda akan gani a jikin Jik, sai ka zuba mudu 1 na bilic a mudu 6 na ruwa, kuma kullum sabo ake haɗawa domin ƙarfinsa yana raguwa.

Awo, da amanar da ke cikinsa

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne ɗalibi yake fara gyaruwa ko ya fara lalacewa. Bugun jijiyar babban mutum a zaune lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, numfashinsa 12 zuwa 20, zafin jikinsa wajen digiri 36.5 zuwa 37.5, idan ya kai 38 kuwa zazzaɓi ne. Awon jinin da ya kai 140 bisa 90 ya hau. Waɗannan lambobi kowa yana haddace su a aji. Abin da ake koya a gefen gado shi ne yadda ake samo su daidai.

Ka ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, kada ka yi amfani da naka babban yatsan domin yana da nasa bugun. Ka ƙirga minti ɗaya cif, kana lura ko bugun yana da ƙarfi ko siriri ne kamar zare, ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. Idan ka gama, kada ka ɗauke yatsunka, ka bar su a wurin kamar kana ci gaba, ka maida idonka kan ƙirjinsa ka ƙirga numfashi, domin duk wanda ya san ana ƙirga numfashinsa zai canja shi ba da niyya ba. Numfashi shi ne awon da aka fi yi wa ha'inci a asibiti, alhali sau da yawa shi ne yake fara nuna cewa jiki ya rikice. Idan ka buɗe takardar awo ka ga an jera 20, 20, 20 daga safe har dare a kowane gado, to ka san ƙirgawa ba a yi ba. A ɗakin yara lissafin daban ne: jaririn da bai kai wata 2 ba numfashinsa ya yi sauri idan ya kai 60 a minti, daga wata 2 zuwa shekara 1 idan ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, kuma sai yaro ya natsu ake ƙirgawa, ba yana tsakiyar kuka ba. Ka ɗaga rigarsa ka duba ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska.

Wajen awon jini, ka bar mutum ya huta minti 5, hannunsa a jingine daidai da zuciyarsa, a naɗe masa hannun riga idan ba ta matse ba, ko a zare hannun daga cikinta, domin ba a ɗaura abin awo a kan babbar riga ko hijabi. Abin ɗaurawar da ya yi wa mai ƙiba kaɗan zai nuna jininsa ya hau fiye da gaskiya. Kada ka auna a hannun da ake ƙarin ruwa. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana iya ruɗewa idan hannun ya yi sanyi, ko akwai jan farce ko baƙin lalle mai kauri, saboda haka sai ka gwada wani yatsan kafin ka rubuta.

Lamba ɗaya ba ta cika faɗin labari ba, sai an haɗa ta da wadda ta gabace ta. Na taɓa kwana a ɗakin masu jego tare da wata ɗaliba da ba ta wuce mako biyu da fara zuwa asibiti ba. Wata mata ta haihu da magariba lafiya, an gyara ta, tana kwance ta juya fuska bango, uwar mijinta tana zaune a gefe riƙe da jariri. Ɗalibar ta auna ta, ta samu bugu 92. Da ta dawo bayan rabin sa'a ta samu 118, ta sake ƙirgawa don ta tabbatar, sannan ta lura tafin hannun matar ya yi sanyi, goshinta da ɗan gumi. Ta ce mata, "Sannu Yaya, yaya jikin?" Matar ta ce da sauƙi. Ɗalibar ba ta tsaya nan ba, ta ja labule, ta nemi izini ta ɗaga zanin, sai ta tarar jini ya jiƙe shimfiɗar har ya taru a ƙarƙashin ƙugu. Ta kira mu da ƙarfi daga inda take, ba ta bar gadon ba. Aka murza mahaifa, aka yi allura, aka sa ruwa, jinin ya tsaya. Awon jinin matar a lokacin bai ma faɗi sosai ba, domin a jikin mace mai ƙuruciya bugu ne yake fara tashi, awon jini sai daga baya yake sauka. Da ɗalibar ta kwafi lambar farko ta wuce, da wanda zai gano matsalar sai ya zo a makare.

Saboda haka ka ɗaukar wa kanka alkawari tun yau: lambar da ba ka auna ba, ba za ka rubuta ta ba. Idan ka kasa jin bugun, ko na'ura ta ƙi aiki, ko lokaci ya ƙure, ka bar gurbin ka faɗa. Gurbi a takarda yana sa a je a duba, lambar ƙarya kuwa tana kwantar wa kowa da hankali a kan mutumin da yake cikin haɗari.

Kai rahoto ma ana koyonsa. "Sista, Baban can jikinsa ya yi tsanani" ba ya taimaka wa wadda take tsakiyar raba magani. Ka ce, "Sista, Baba na gado na 7, bugunsa 88 ne da ƙarfe 10, yanzu ya koma 120, numfashinsa 28, kuma ya fara magana ba kan gado." Wasu abubuwan ba a jira a gama awo kafin a faɗe su: jijjiga, wahalar numfashi, zubar jini, mutumin da ya daina amsa kira, mai ciki da jininta ya hau tana kukan ciwon kai ko ganin dishi-dishi, da wanda ake yi wa ƙarin jini ya fara rawar sanyi ko ƙaiƙayi ko ciwon baya, musamman a minti 15 na farko. Idan ka faɗa ba a motsa ba, kuma hankalinka bai kwanta ba, ka sake faɗa, ko ka je wurin na gaba, cikin ladabi.

"Da sauƙi"

Bahaushe ko yana kan gargara aka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma ba bayanin ciwo ba ce, kuma ɗalibin da ya karɓe ta ya wuce bai yi tambaya ba. Ka gaisa tukuna, da sunan da ya dace da shekarun mutum, Baba ko Inna ko Malam ko Hajiya, ka faɗi sunanka da cewa kai ɗalibi ne, sannan ka tambayi abin da ake amsawa da ƙididdiga ko da nuni: sau nawa ka zaga yau, cokali nawa ka ci, ka samu barci, nuna mini da yatsa ɗaya inda ya fi ciwo. Ka dubi fuska lokacin da yake juyawa, domin dauriya tana riƙe baki amma ba ta cika riƙe goshi ba. Abin da ya shafi fitsari da bayan gida da jinin al'ada kuwa ba a tambayarsa a gaban suruki ko 'ya'ya. Ka nemi su ba ku wuri, ka sassauta murya, kuma inda hali ya yi mace ta kula da mace, namiji da namiji.

Masu jinya, wato 'yan uwan da suke kwana da mara lafiya, wasu ma'aikata suna ɗaukarsu cikas. Ni ina ganin su ne abokan aikinka na kusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: idan uwa ta ce yaron nan ba haka yake ba jiya, ka je ka duba ko da awonsa na safe ya yi kyau. Ka tambaye su abin da aka ba shi a gida, jiƙo ne ko maganin kemis, ba tare da tsawa ko ɗaure fuska ba, domin wanda aka kunyata sau ɗaya zai ɓoye na gaba, likita kuwa yana buƙatar sani. Idan an hana mutum ci da sha saboda za a yi masa aiki, ka bayyana musu dalili a fili, cewa abin da ke ciki yana iya komawa huhu idan an sa shi barci, kuma hanin ya haɗa da ruwan rubutu da na tofi. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, kuma za su fi karɓar maganarka idan sun ga kana girmama ta.

Wanka da juyawa

Kafin ka buɗe jikin kowa ka haɗa duk kayanka a gefen gado, ka ja labule, ka faɗi abin da za ka yi, ko da mutumin bai san inda kansa yake ba. Ka buɗe sashen da kake wankewa kaɗai, sauran jikin a rufe. Ana farawa daga fuska a gangara, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, a canja ruwa kafin a zo ga al'aura, kuma ga mace daga gaba ake gogewa zuwa baya. Duk abin da zai iya yi da kansa ka bar masa, domin dattijon da ya share shekara sittin yana yi wa kansa tsarki yana jin nauyin hannun sa'an ɗan cikinsa fiye da yadda yake jin ciwon. Mai son yin salla ka taimaka masa da buta ko abin taimama, ka juya shi yadda ya dace.

Lokacin wanka ne kake duba fata. Wanda ba ya iya motsa kansa, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ya suma, ana juya shi duk bayan sa'a 2, dare da rana, domin nauyin jiki yana danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya taso, fata ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe. Wuraren su ne ƙasan gadon baya, da kwankwaso, da dunduniya, da idon sawu, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa, da ƙeya. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen Turawa suna cewa a nemi wurin da ya yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Kai ka nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ka taɓa ka ji ko ya fi zafi ko sanyi, ko ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da ƙima. Idan ka samu, kada ka murza shi, ka ɗauke nauyi daga kansa, ka nuna wa nas, ka rubuta. Zanin gado ya zama busasshe kuma a miƙe, domin lanƙwasa ɗaya ko ɓarɓashin burodi a ƙarƙashin tsoho ya isa ya fara ciwo. Ka sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa. Wannan aiki ka koya wa masu jinya shi da hannu, domin su za su ci gaba da yinsa bayan an sallame shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babban mutum ba a ɗaga shi da mutum ɗaya. Ku zama biyu aƙalla, ku kama zanin da ke ƙarƙashinsa, ku ware ƙafafu, ku lanƙwasa gwiwa maimakon baya, ɗaya ya ƙirga ku motsa tare. Kada a ja mutum ta hammata, kada kuma a ja hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. Ka lura da robar ƙarin ruwa da ta fitsari kada su fizge, kuma jakar fitsari ta kasance ƙasa da mara amma ba a kan daɓe ba. Idan ka zubar da ita ka rubuta yawan abin da ke ciki da launinsa. Babban mutumin da fitsarinsa bai kai mililita 30 a sa'a ba, abin faɗa ne.

Ciyar da mai shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar haƙuri. Kada a fara ba shi komai ta baki sai nas ko likita sun tabbatar yana iya haɗiya. Ka zaunar da shi a miƙe, ka ba shi kaɗan-kaɗan ta gefen bakin da ke da lafiya, ka jira ya haɗiye. Idan ya yi tari ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki, ka dakata ka sanar. Kada a ɗura wa mutum kunu yana kwance, kuma bayan ya gama a bar shi a zaune kamar rabin sa'a.

Idan allura ta soke ka, ko ka yi kuskure

Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, kai tsaye take shiga kwalin zuba allurai, kuma kwalin idan ya cika kashi 3 cikin 4 rufe shi ake yi. Ka yi hattara lokacin kwashe zanin gado, domin a nan ake yawan samun wadda aka manta. Idan ta soke ka, ka wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu, kada ka matse, kada ka tsotsa, kada ka zuba bilic, sannan ka gaya wa shugabar ɗaki a take. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma dole a fara shi cikin sa'a 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Na san ɗalibai da suka ɓoye irin wannan don tsoron faɗa, suka yi watanni cikin zullumi a kan abin da ake iya magancewa a rana ɗaya.

Haka ma sauran kurakurai. Idan ka ba da ruwa ga wanda aka hana sha, ko mara lafiya ya zame daga hannunka, ko ka rubuta awon wani a takardar wani, ka faɗa da bakinka kafin a gano. A takarda ba a gogewa, ba a shafa farin fenti: layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da lokaci. Za ka gamu da manyan da za su yi maka tsawa a gaban mutane, wani lokaci da gaskiyarsu, wani lokaci gajiya ce kawai. Ka ɗauki gyaran da ke cikin maganar, kuma idan abin ya zama cin mutunci ko neman wani abu da bai dace ba, ka kai wa malamin da makaranta ta ɗora a kanku.

Sirrin mara lafiya amana ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana shi a Najeriya sai bisa sharuɗɗan da ta gindaya. A garuruwanmu kowa ya san kowa, saboda haka ko ba ka ambaci suna ba, cewa "matar wani mai shago a unguwarmu" ya isa a gane ta. Wayarka ta zauna a jaka. Hoton ciwo ko na jariri ko na takardar wani ba ya hawa WhatsApp ko TikTok, ko da nufinka neman addu'a ne.

Wata rana za a rasu a hannunka. Tabbatar da mutuwa da sanar da iyali aikin likita ne ko babbar nas, naka shi ne ka ja labule, ka ba 'yan uwa wuri su laƙƙana masa kalmar shahada ko su kira limaminsu ko fastonsu tun yana da sauran numfashi, sannan ka taya a gyara shi a rufe shi da mutunci. Idan hawaye ya zo maka ka fita ka wanke fuska ka dawo, kuma daga baya ka samu wani babba ka yi magana da shi a kan abin da ka gani.

Kafin ka tashi kowace rana, ka sake zagaya gadajen da aka ba ka, ka tabbatar an rubuta awon ƙarshe, ka gaya wa mai karɓarka lokacin da aka juya kowa da gefen da yake kwance. Ka kai littafin rajistarka a sa maka hannu a ranar da ka yi aikin, a wurin wadda ta gan ka kana yi, kada ka tara sai ƙarshen wata. A ƙaramin littafinka ka rubuta abu ɗaya da ba ka gane ba, ba tare da sunan kowa ba, ka duba shi da dare ko ka tambaya da safe. Idan ka isa gida, ka bar takalmin aiki a bakin ƙofa, ka cire yunifom ka jiƙa shi daban da kayan iyali, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro ko ka sa hannu a kwanon abinci.